Kwana Huɗu Gandu, Biyu Gayauna

Ruwa ya sauka, shuka ta fito, ciyawa ma ta fito, don ita ba ta jiran gayyata. Ranar Laraba da sassafe Nababa ya saɓa fartanya zai tafi gayaunarsa, 'yar gonar nan ta bayan rafi da mahaifinsu ya yanka masa shi kaɗai tun kafin ya yi aure. A zaure ya tarar da wansa Malam Iliyasu yana goge takalmi, jaka a gefe, zai bi motar farko zuwa Kano.

"Ina zuwa da fartanya?" in ji Iliyasu.

"Gayauna, Yaya. Yau Laraba."

"Gyaɗar gandu fa? Jiya na leƙa, harƙiya ta fara rufe ta. Ka gama da ita tukuna, gayauna ba guduwa za ta yi ba."

"Gerona ma yana son noman fari, Yaya. Kuma tsarin Baba..."

"Tsarin Baba na zamanin Baba ne. A wannan marrar da ake ciki wa yake lissafin ranaku? Gandu ba shi da rana, Nababa. Cikinka yana da ranar da ba ya ci?"

Ya ɗauki jakarsa ya fice. Nababa ya juya ya bi hanyar gandu.

Tsarin da ake magana ba wani ɓoyayyen abu ba ne, duk Unguwar Gawo an san shi. Marigayi Malam Basiru ya raba wa 'ya'yansa mako kamar yadda ake raba nama. Asabar zuwa Talata na gandu ne, wato manyan gonakin gida, waɗanda daga rumbunsu ake yi wa kowace mace awon abin da za ta girka. Laraba da Alhamis kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya noma a can nasa ne, ba mai tambayarsa. Juma'a a yi wanka, a je masallaci, a miƙe ƙafa. Shekara uku da rasuwar tsohon, gandu ya koma hannun Iliyasu saboda shi ne babba. To shi Iliyasu magatakarda ne a wani kamfanin jima a Kano, kuma sakataren ƙungiyar ma'aikatan wurin. Nomansa duk a baki yake. Zai tsaya a kan iyaka hannu a aljihu ya ce nan a yi kaza, can a yi kaza, ya kakkaɓe bakin wando ya tafi.

Shekarar farko akan ɗauki 'yan ƙwadago su taya Nababa. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, komai ya bi shi, Iliyasu ya ce 'yan ƙwadago sun fi ƙarfin gida, a ara wa gandu Laraba kafin abubuwa su daidaita. Abubuwa ba su daidaita ba, Laraba kuma ba ta dawo ba. Bana ya so ya karɓo ta, sai ga shi an haɗa da Alhamis.

Nababa ya gama gyaɗa, aka ce dawa. Ya gama dawa, aka ce geron gandu yana son cira. Kafin ya kai ƙarshen geron, ciyawa ta sake tasowa a gyaɗar da ya faro, aka ce maimai. Gona uku, mutum ɗaya. Yakan fita raɓa na jiƙa masa ƙafa, ya dawo rana ta yi sanyi, bayansa ya ƙi miƙewa sai ya dafa bango. Juma'a ma sai ya yi rabin yini a gona, ya watsa ruwa a gurguje, ya riski sallah a sahun waje. Ƙafarsa ta yi faso har yana ɗingishi, wuyansa ya yi tsawo, wandonsa sai da matarsa Hure ta ƙara masa ƙulli a mazagi.

Ita kuwa gayauna, duk lokacin da ya samu ya zaga ya hango ta daga bakin rafi sai zuciyarsa ta yi baƙi. Geron da ya shuka da hannunsa ya tsumbure, ya yi rawaya, harƙiya da ƙiri-ƙiri sun haye kansa. Wannan gonar ita ce suturarsa. Da ita yake ɗinka wa Hure da 'yarsu Asiya kayan sallah, da ita yake fita kunyar biki da suna ba sai ya tsuguna gaban wa ba. In ta tafi, ya zama bara a gidan ubansa.

"Wai kai ba za ka yi magana ba?" Hure ta tambaye shi wata rana tana gasa masa baya da ruwan ɗumi. "Ko jakin gidan nan ranar Juma'a ba a ɗora masa mangala."

"Yayana ne."

"Na san yayanka ne. Ana barin halal don kunya, amma ba a barin rai."

Ya je wurin mahaifiyarsu Inna Kulu, ya same ta tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ita ba ta faɗin sunan Iliyasu saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce wancan. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga ido daga mazari ba.

"Ka yi haƙuri. Wancan ma ba zaune yake ba, kullum yana kan titi. Shi ke sayo taki, shi ke sayo maganina. In kuka raba kai, ni ina zan sa nawa?"

Sai ya tashi da haƙurin da ya zo da shi, an ƙara masa wani a kai.

A kwanakin nan ba abin da ake yi a rediyo sai gardamar rage ranakun aiki. Wasu na cewa tunda kuɗin mota ya cinye albashi, a bar ma'aikaci ya riƙa zuwa kwana huɗu. Wasu na cewa lalaci ne kawai aka sa wa riga. Nababa yana da 'yar rediyo da yake ratayewa a reshen gawo in yana aiki, ba don gardamar ta dame shi ba, sai don ya ji motsin mutane. Ran nan, wata Alhamis da hantsi, yana tsakiyar dawa, sai ya ji muryar da ya sani tun yana goye.

"Jama'a, rai dangin goro ne, hutu yake so," in ji Malam Iliyasu daga cikin rediyo. "Ko injin niƙa in ba ka kashe shi ya huce ba, wata rana shi zai kashe kansa. Mu ba mu ce ba za mu yi aiki ba. Cewa muka yi a bar wa mutum ranar da zai duba nasa."

Abokin gardamarsa, wani mai masana'anta, ya ce, "Malam, ƙasa tana wannan hali za ku ce a rage aiki? Manomin da ke ciyar da ku kwana nawa yake hutawa?"

Iliyasu ya yi 'yar dariya irin ta wanda aka kawo wa ƙwallo ƙafa. "Alhaji, ka zo gidana. Ni ɗan manomi ne. Mahaifina bai yi boko ba, amma kwana huɗu ya sa ake yi wa gandu, biyu kowa ya tafi gayaunarsa, Juma'a a huta. Rumbunmu bai taɓa zama wayam ba. Kuma har gobe a kan haka muke a gidanmu."

Nababa ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya dubi rediyon, ya dubi kunyoyin dawa da suka rage masa, ya dubi tafin hannunsa da kanta ta cinye. Wallahi da zagi aka yi masa a rediyon da ya fi masa sauƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, wannan kowa ya sani. Amma a ce mutum ya ƙwace abu a gida, ya kai shi birni yana ado da shi, wannan rashin ta ido ne. Ranar bai ci furar da Hure ta aiko masa ba.

Da yamma mutanen gari suka tare Iliyasu a bakin masallaci ana ta sa masa albarka, wai ya fitar da Unguwar Gawo kunya. Bayan mako biyu ya dawo da labarin cewa kamfaninsu ya yarda a gwada: Litinin zuwa Alhamis aiki, sauran kwana uku a gida. Nababa, da yake shi mutum ne mai kyautata zato har ya yi yawa, sai ya ji sanyi. Ya ce wa Hure yanzu Yaya zai kama gandu ko da kwana biyu ne, shi kuma ya ceto abin da ya rage a bayan rafi. Har ya ɗauko garmar Baba daga bayan rumbu, ya wasa ta, ya sake mata ƙota.

Juma'a ta zo, Iliyasu ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya yi barci har aka yi kiran farko. Asabar ya tafi taron ƙungiya. Lahadi ya ce jikinsa duk ciwo yake. Da Nababa ya yi ƙarfin hali ya kawo maganar, sai ya dube shi da mamaki.

"Kai ba ka san aikin ƙwaƙwalwa ba. Naku da kun kwanta shi ke nan, ni ko a barci lissafi nake. Hutun nan da jini muka ƙwato shi, ba don in zo in ƙare a bakin garma ba. Kai jikinka ya saba."

Jikin da ya saba ɗin ne ya faɗi ranar Litinin. Zazzaɓi ya kama Nababa a tsakiyar gyaɗa, ya rarrafa gindin gawo ya kwanta, sai wasu masu wucewa suka kamo shi zuwa gida. Kwana biyu yana rawar ɗari. Iliyasu ya aiko da ƙwayoyi a ƙulle a leda, da saƙon Allah ya sawwaƙe, da tunin cewa gyaɗa ba ta jira.

Ranar Laraba da la'asar, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kurɓar kunu, Iliyasu ya shigo sashensu ya ja kujera.

"Na bi ta gonar bayan rafi," ya ce. "Nababa, abin kunya ne. Gona ta zama saura, mutane na wucewa suna nuna ta suna cewa ta gidan Malam Basiru ce. Tunda ka kasa, na yi magana da Alhaji Muhammadu Sani. Zai karɓe ta aro na shekara biyar, ya kife ciyawar ya sa wake, ya ba gandu taki. Jibi bayan sallar asuba zai zo ya gani."

"Na kasa, Yaya?"

"To me za a kira shi? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kuma don kai nake yi, nauyi na rage maka."

Ya tashi ya fita. Aron shekara biyar a hannun mai hali, Nababa ya san ƙarshensa, gonar da ta tafi haka ba ta cika gane hanyar gida ba. An hana shi ranakun da zai nome ta, yanzu kuma za a karɓe ta don bai nome ta ba. Hure tana tsaye da ludayi a hannu, kallonsa kawai take. Ya ajiye kwanon kunun ya miƙe, ya nufi ɗakin Inna Kulu.

"Inna, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ɗaya ce. Gonar bayan rafi, wa Baba ya ba?"

Ta kau da kai.

"Kina wurin, Inna. Ke kika kawo masa ruwa ranar da ya kafa iyaka."

"Kai ya ba," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Amma Nababa, wancan..."

"Na gode, Inna. Shi ke nan."

Alhamis bai je gandu ba, bai je ko'ina ba, ya kwanta ya tara ƙarfi. Ranar Juma'a da aka idar da sallar asuba, ya ɗauki garmar Baba ya jingine ta a ƙofar ɗakin Iliyasu, ya saɓa fartanyarsa ya tafi bayan rafi. Ya fara daga kusurwar gabas. Ciyawa ta kai gwiwa, sai ya sa hannu ya laluba kafin ya gane inda gero yake. Wani ya mutu ya ruɓe, wani yana nan siriri kamar tsinke, amma da ransa. Ya yi kunya uku rana ta ɗan ɗaga, sai ga Iliyasu da Alhaji Muhammadu Sani sun tsallako rafi.

"Me kake yi a nan?" in ji Iliyasu.

Nababa ya gaida Alhaji tukuna, har ƙasa, ya tambayi iyali. Sannan ya miƙe.

"Noma nake, Yaya. Gonata ce."

"Mun gama wannan maganar shekaranjiya."

"Kai ka gama, ni ban fara ba. Alhaji, ka yi haƙuri an taso ka. Gonar nan mahaifina ya ba ni, mahaifiyarmu tana raye, a tambaye ta. Ba lalaci ya sa ta zama haka ba. Tun da na yi shuka ban samu yini ɗaya na shigo ta ba, kwana bakwai nake yi a gandu ni kaɗai."

Alhaji Muhammadu Sani dattijo ne mai sayen gyaɗa, ba ya son hayaniya. Ya gyara hula ya dubi Iliyasu. "Malam, ba kai na ji a rediyo kwanaki ba? Na ɗauka cewa ka yi kwana huɗu ake yi a gidanku."

Iliyasu ya yi yaƙe. "Alhaji, ka san maganar rediyo. Misali ne na bayar."

"To. Ni dai ba na karɓar gonar da mai ita ke tsaye a ciki da fartanya. Allah ya daidaita ku." Ya tattare babbar rigarsa ya koma ta inda ya fito.

Sai da ya yi nisa Iliyasu ya juyo, idonsa ya kaɗa. "Ni za ka tozarta a gaban baƙo? Ni da nake ciyar da kai da matarka?"

"Ban tozarta ka ba, Yaya, abin da ka faɗa wa duniya shi na roƙa a gida. Asabar zuwa Talata ina gandu, ko ruwa ko rana, ba za ka taɓa nemana ka rasa ba. Laraba da Alhamis nawa ne. Juma'a ta Allah ce, yau ma bashin Larabobina nake karɓa. Abin da ya rage na aikin gandu, kana da kwana uku a gida. Garmar Baba tana ƙofar ɗakinka, na wasa ta."

"In haka ne, daga yau na rufe rumbu. Kada Hure ta sake kawo ƙwarya wurin awo."

Nababa ya san babu ko tiya ɗaya a ɗakinsu. Amma tura ta riga ta kai bango, kuma abin mamaki, tsoron da ya shekara uku yana ɗauke da shi sai ya neme shi ya rasa.

"Rufe, Yaya. Sai dai rumbu ba ya haihuwa. Hannun nan ne yake cika shi, kuma ranar da babu awo babu gandu."

Ya sunkuya ya ci gaba da noma. Iliyasu ya daɗe a tsaye yana faɗa, ya ambaci taki, ya ambaci maganin Inna, ya ambaci butulci. Fartanya kawai ke ba shi amsa. Da ya gaji ya tafi.

Kafin azahar Nababa ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Hure ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinsu ta hura wuta, ta tsinko tafasa a bayan gari ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙulin da ta samu a maƙwabta. Daga ɗaya sashen ƙamshin miyar kuka yana tasowa. Asiya ta dubi kwanon kwaɗon ta dubi uwarta. Suna shirin sa hannu sai ga Inna Kulu ta fito tana dogara sanda, kwanonta a hannu. Ta wuce ƙofar Iliyasu, ta wuce garmar da ke jingine, ta zo ta zauna a tabarmar Hure.

"Zuba mini," ta ce.

"Inna, tafasa ce fa," in ji Hure. "Ga tuwo can an kai miki."

"Na gani. Na ce zuba mini." Ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan danga. "Ni na kawo ruwa ranar da aka kafa iyakar nan. Na yi shiru shekara uku don kada gida ya rabu, ashe shirun nawa ne yake raba shi."

Nababa ya sunkuyar da kai yana ci, hawaye na ɗiga a kwanon. Rabonsa da ya ji daɗin abinci haka har ya manta.

Asabar da safe ba a yi awo ba. Nababa ya saɓa fartanya ya fito, ya ga garma ba ta ƙofar ɗakin Iliyasu. Hanyar bayan rafi ta gefen gonar gyaɗa take bi, a can ya hango Iliyasu cikin tsohuwar riga, ya yi rabin kunya a karkace, ya tsaya yana hura tafin hannunsa da ya yi bororo. Gaba da shi ciyawa ce shimfiɗe har iyaka. Da ya ga ƙanensa zai wuce sai ya ɗago.

"Nababa. Yau fa Asabar ce. Ranar gandu ce."

Nababa ya tsaya. "Yau ce rana ta farko da na ji ka faɗi haka ba a rediyo ba, Yaya."

Iliyasu ya dubi tafin hannunsa, Nababa ya ci gaba:

"A buɗe rumbu a yi wa Hure awo, gobe ka gan ni a nan har Talata. Ka riƙa sassauta riƙon ƙotar, shi ya sa take cin hannunka."

Ya gyara fartanya a kafaɗa ya gangara rafi. Geronsa yana jiransa.